Sunan da Waziri Ya Raɗa wa Zaƙami

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki da ya ga samarin birninsa suna lalacewa. Magini ya faɗo daga kan katanga yana dariya. Marini ya afka ramin baba, gawarsa aka ciro. Dalili kuwa wani jiƙo ne da ake sayarwa a kowane lungu da sunan maganin gajiya. Sarki ya rantse sai an sare kan wanda ya fara kawo shi, ya ɗora wa Waziri Gwadabe binciken.

Bayan kwana uku dogarai suka gurfanar da Jatau, wani mai sayar da saiwoyi. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi." Amma bai ɗaga ido ba.

Sai Malam Barmo, dattijon da tsufa ya hana koyarwa, ya miƙe yana dogara sanda. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, cikin ɗaliban da na koyar, goma sha ɗaya abin nan ya haukata, ba zan yarda da binciken kwana uku ba. Kai Jatau, me kake kiran tsiron da ake jiƙon nan da shi?"

Jatau ya ce, "Zaƙami ne, Malam. Kakannina haukata-yaro suke ce masa."

Malam ya ce, "To, wa zai kai haukata-yaro bakinsa da saninsa? Wanda ya sauya masa suna, shi ya kawo shi. Wa ya raɗa masa magani?"

Hauni, mai sare kai, ya gyara takobinsa. Waziri ya dubi Jatau, ya kasa jurewa, ya kwance rawaninsa ya ajiye.

Ya ce, "Ni ne. Shekarar ginin ganuwa, ka ce a gama kafin damina. Na sa Jatau ya jiƙa wa magina don su daina jin ciwon jiki. Da suka ji sunan suka ƙi sha, sai na ce a gaya musu maganin gajiya ne."

Sarki ya ce, "Ni ma na ga ganuwa ta tashi, ban tambayi yadda aka yi ba. Da wane baki zan ce a sare ka?"

Malam ya ce, "Kansa ba zai dawo da hankalin kowa ba. Gyara nake nema."

Aka saki Jatau bayan ya ƙone kayansa. Aka haramta jiƙon, aka tuɓe Gwadabe. Sarki ya ɗauki nauyin ciyar da waɗanda suka zauce, ya umarci Gwadabe ya bi su gida-gida yana jinyarsu, yana faɗin sunan jiƙon na gaskiya.

A gidan farko ya tarar da wani magini a ɗaure da turke, tsohuwar uwarsa tana ba shi kunu. Ta ce, "Da hannuna na saya masa, ranar da ya dawo yana kukan ciwon baya. Ai magani aka ce."

Gwadabe ya durƙusa, ya karɓi ludayin daga hannunta.