Ƙasar Raɓa da Korarren Mai Fito

An ruwaito a littattafan mutanen farko, waɗanda gara ta cinye gefensu ta bar tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Marke ana ce masa Nadabo. A birnin nan akwai al'ada tun kaka da kakanni, maganar da ta fito daga bakin sarki ba ta komawa. Shi kansa sarkin ba shi da ikon janye ta, wanda kuwa ya roƙe shi ya janye, to ya ci fuskar gadon sarauta.

An ce a birnin akwai wata attajira mai fataucin turare, sunanta Hansatu. Mijinta, Madugu Tanimu, shi ke jan ayarin sarki zuwa arewa. Wata shekara sarki ya aike shi ya sayo masa wata farar taguwa da labarin kyanta ya cika ƙasashe. A hanyar dawowa suka tarar rijiyoyi sun ƙafe, guzuri ya ƙare, mutane suka fara zubewa. Madugu ya yanka taguwar, ayari ya ci ya rayu. Da labari ya isa fada, sarki cikin zafin rai ya ce a fitar da Tanimu daga ƙasarsa. Kafin rana ta faɗi ransa ya yi sanyi, amma magana ta riga ta fita.

Hansatu ba ta bi mijinta ba, domin ya bar mata mahaifiyarsa, tsohuwar da ko jaki ba ta iya hawa. Kullum tsohuwar nan tana zaune a zaure, duk takun da ta ji sai ta ɗaga kai. Jikinta kuwa sai ƙara rauni yake. Abin da ke ran Hansatu ɗaya ne, tsohuwar ta ga ɗanta kafin ta cika. Sai dai ba ƙofar da za a bi a roƙa.

Cikin masu sayen turarenta akwai Magajiya Dela, yayar sarki, mace mai barkwanci wadda ba ta shakkar kowa. Wata rana tana shinshina turaren hawi sai ta ce, "Hansatu, kin iya ƙarya?"

Hansatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranki ya daɗe, sai 'yar ta ciniki."

"Ta isa. Muna neman na huɗu a wani wasa. Tun muna yara, idan damina ta kulle mu a ɗaki, kakarmu kan cika ƙwarya da ruwa ta ce mu gina ƙasa da baki. Yanzu ƙanena ya daina dariya, tuwo ma sai an yi da gaske. Na ce bari in tono masa wasan yara ko ya warke."

Haka aka yi. Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a lambun fada, ƙarƙashin itacen lemo. Ga sarki, ga Waziri Makau, ga Magajiya, ga Hansatu can gefe ta naɗe ƙafa. Sarki ya san ko matar wane ce ita, ita ma ta san ya sani. Aka ajiye babbar ƙwarya cike da ruwa, Magajiya ta watsa gutsattsarin sakaina a kai suna yawo.

Ta ce, "Doka ɗaya ce. Abin da wani ya kafa ba mai rushe shi. Sai dai ka ce haka ne, ka ƙara naka. Wanda ya ce a'a ya tauna shuwaka. Na fara. Akwai wata ƙasa a tsakiyar tafki, duk tsibirai ne, kuma tsibiran yawo suke."

Waziri ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, ina aka taɓa ganin tsibiri..."

Magajiya ta miƙa masa ganye. Ya tauna yana yamutsa fuska, Hansatu ta ga gefen bakin sarki ya motsa.

Da ɗaci ya sauka Waziri ya ce, "Haka ne. Kuma don kada su ɓace, an ɗaure kowanne da igiya a jikin wani rimi da ke tsakiyar ruwa, akwai Sarkin Igiya mai duba su kowace safiya."

Sarki ya ce, "Haka ne. Kuma ba a ruwan sama a can. Raɓa ce ke sauka da asuba, mai kauri kamar nono, ita ke shayar da gero."

Suka dubi Hansatu. Ta ce, "Haka ne. Kuma kowane tsibiri da ƙamshinsa, har makaho ya san inda jirgi ya tsaya da shi."

Suka sa mata suna Ƙasar Raɓa. Alhamis bayan Alhamis ƙasar tana girma. Waziri ya kafa majalisa da ke zama cikin jirage, kowane dattijo da nasa, don mai dogon surutu ruwa ya ja shi nesa har a daina jinsa. Magajiya ta ce alƙalinsu a cikin ruwa yake tsayawa har gwiwa, sanyi ba ya barinsa ya ja shari'a. Hansatu ta ce sarautar ƙasar ta mace ce, kuma ranar naɗi sai ta kewaya tsibirai ta ci abinci a gidan da ya fi kowane talauci. Har ya zamana idan tana daka turare a gida takan ji kamar ƙasa na lilo a ƙarƙashinta. Takan ba surukarta labarin tsibiran, tsohuwar ta yi murmushi ta ce ko can Tanimu yake.

Wata Alhamis sarki ya ce, "Haka ne. Kuma wanda ya taɓa kayan mai sarauta ba da izini ba, a fitar da shi bayan tafki."

Aka zo kan Hansatu. Ta dubi ganyen shuwaka a faifai, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Haka ne."

Da ƙasa ta ginu, Magajiya ta ce saura a shiga cikinta. Ita za ta riƙe ƙaddara, wato ta riƙa jefo musu abin da zai faru. Sauran suka ja tsinke. Hansatu ta ja dogo, ta zama Sarauniya. Waziri ya zama Sarkin Igiya. Guntun ya faɗa hannun sarki, ya zama mai fito, ya raɗa wa kansa suna Sambo, aka ɗora masa ƙwallon dabino a kan wata 'yar sakaina.

An ce ba a taɓa ganin sarki ya so abu kamar yadda ya so Sambon nan ba. Ya ba shi uwa mai faɗa, da jirgi mai yoyo, da waƙar da yake yi in yana tuƙi. Idan ya zo gaban Sarauniya sai ya ce, "Ranki ya daɗe, talakanki ya kawo gaisuwa," Hansatu ta rasa inda za ta sa fuskarta, Magajiya kuwa ta yi ta dariya tana cewa ashe Zaki ya iya durƙuso.

Sai wata rana Magajiya ta hura ruwan ƙwarya ta ce, "Iska ta taso. Igiyar Tsibirin Masaƙa ta tsinke, ga shi can yana tafiya da mata da yara zuwa inda tafki ke zubewa. Sarauniya tana can nesa wajen majalisa. Sambo, jirginka ya cika da ruwa. Babu komai a bakin gaɓa sai farin jirgin Sarauniya."

Sarki bai tsaya tunani ba. Ya zabura, har hannun rigarsa ya jiƙe a ƙwarya, ya ce, "Na kwance shi. Na tuƙa, na cim musu, na kama bakin igiyar na ɗaura a ƙuguna."

"Ka cece su," in ji Magajiya. "Amma jirgin ya bugi dutse, ya dare."

Waziri ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai fa doka. Kuma ba ni na kafa ta ba."

Idanu suka koma kan Hansatu. In ta yafe, ta rushe abin da wani ya kafa, wasa ya lalace. In ta yi hukunci, sarkin gari ne zaune gabanta. Ta tuna tsohuwar da ke zaure. Ta sa yatsu biyu ta ɗauke ƙwallon dabinon daga ruwa, ta ajiye shi a ƙasa bayan tabarma.

Ta ce, "Sambo, ka yi aikin kirki. Doka kuma ta hau kanka. Fita."

Sarki ya dube ta, ya dubi ƙwallon. Sannan ya tashi a hankali ya koma kan wani kututture bayan tabarma, domin wanda aka kora ba ya zama da mutanen ƙasa.

Makonni suka shige a haka. Kowace Alhamis sai ya zo ya zauna kan kututturen yana ji ana bikin sabuwar igiya, ana naɗa sabon mai fito, uwar Sambo tana tambayar jirage ko sun gan shi. Hansatu ta lura yana motsa leɓe idan an zo wajen da zai iya ƙarawa, sai ya haɗiye. Ta yi zaton ganinsa haka zai sanyaya mata rai, sai ta ga tausayi ne ke kama ta.

Wata rana ya ce, "Yaya, korarre yana iya magana daga inda yake?"

Magajiya ta ce, "Yana iyawa. Sai dai ba mai amsa masa."

Sarki ya ce, "To ga labarin Sambo. Ya sauka a wani gari bayan tafki, mutanen kirki ne, sun ba shi ɗaki. Amma ƙasarsu ba ta motsi, shi kuwa bai saba barci a ƙasar da ba ta lilo ba. Kullum da asuba yakan shimfiɗa rigarsa a bakin ruwa ko raɓar gida za ta sauka a kai, ya ɗauke ta a bushe. Idan iska ta juyo yakan ji ƙamshin tsibirin uwarsa. Bai yi nadamar kwance jirgin ba. Abin da ke cinsa, ya san Sarauniya ma ba ta ƙi shi ba, kuma wannan sanin ba ya mai da shi gida."

Ba wanda ya amsa. Hansatu ta ji hawaye na neman zubo mata, ta mai da su. Zagaye ya zo kanta. Ta tsinki ɗan ƙaramin ganyen lemo ta ɗora a kan ruwa.

Ta ce, "Haka ne, an kori Sambo, korar kuma tana nan, ba wanda ya goge ta. Kuma a Ƙasar Raɓa akwai wani ɗan tsibiri da ba mu taɓa zuwa ba. Wata tsohuwa ce a kansa, ana ce mata Uwar Roƙo. Ba ta yanke hukunci, ba ta soke na wani. Aikinta ɗaya ne. Idan shekara ta kewayo takan zo fada ta roƙi kyautar mutum guda daga cikin waɗanda doka ta ci amma zuciyarsu fara ce. Sarauniya ba ta janye maganar jiya ba, sabuwar kyauta ta yi yau. Mutumin ya dawo a matsayin ɗan tsohuwa."

Waziri ya buɗe baki, Magajiya ta tura masa faifan shuwaka, ya rufe. Ya yi ɗan nazari ya ce, "Ba ta rushe komai ba. Ƙari ta yi. Haka ne."

Magajiya ta rage murya irin ta tsofaffi ta ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni Sambo."

"Na ba ki," in ji Hansatu. Ta ɗauki ƙwallon dabinon ta share masa ƙasa da gefen mayafinta, ta mai da shi kan ruwa.

Sarki bai taso daga kututturen nan da nan ba. Can ya ce, "Waziri, a Birnin Marke akwai irin wannan sarauta?"

"Babu, Allah ya ba ka nasara. Ba mu gada ba."

"Akwai abin da ya hana a ƙara?"

"Kakanninka sun hana janyewa. Ban ji sun hana ƙari ba."

Sarki ya dubi Hansatu ya ce, "To daga yau akwai, ke kuma kika haife ta, ke za ki riƙe."

Hansatu ta durƙusa ta ce, "Zaki, a gafarta mini. Wanda ke da nasa a waje bai kamata ya riƙe ta ba, mutane za su ce don kansa aka yi. A ba wadda ba ta da kowa a waje, sai tausayi."

Washegari aka tara fada aka naɗa Magajiya Dela Uwar Roƙo. Ko zama ba ta gyara ba ta ce, "Zaki, a ba ni Madugu Tanimu." Sarki ya ce ya ba ta. Aka tashi manzanni. Tanimu ya iso ya tarar da mahaifiyarsa da rai, ta shafa fuskarsa ta ce ya rame, ta sa a dama masa fura. Ita kuwa Hansatu, sarki ya yi umarni duk dokar da za a kafa a birnin a fara kai mata ta ji, ta faɗi wanda dokar za ta iya dannewa ba da hakki ba.

Masu ruwaya suka ce abin lura a nan shi ne, mai mulki ba ya sanin nauyin dokarsa sai ya zauna inda take faɗowa, ko da a wasa ne. Kuma duk ƙasar da za a gina, ta gaske ko ta baki, idan an gama yi mata ƙofar fitar da mai laifi, a tuna a yi mata ta dawowa.