Kokwambar Saje Yari

Akwai wani tsohon soja a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina, ana ce masa Saje Yari. A zamanin mulkin soja an sa shi cikin wani kwamiti mai share tituna, shi kuwa ya riƙi aikin da zafin da ya wuce wanda aka ba shi. In motarsu ta tsaya, masu tebur sai su watse.

Ko unguwar da aka binne cibiyarsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Akwai Idi mai shayi, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Ranar da teburin Idi ya ɗan leƙo kwalta, Saje ya kifar da shi da takalmi, ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban masu shan shayinsa.

A shekarar 1999, da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka sallami Saje. Ya dawo gidan mahaifinsa da akwatin ƙarfe da matarsa Saudatu. Ba wanda ya zage shi. Sai dai in ya yi sallama a majalisa, a amsa a taƙaice, hira ta mutu, ba za ta farfaɗo ba sai ya wuce.

Saudatu kuwa tana da ciki, na farko da ya zauna bayan shekaru masu yawa ana jira. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Saje, ranar suna wa za ya zauna bisa tabarmarka?"

Ya ce, "Masu zuwa su zo."

Ta ce, "Su wa? Ko usur za ka busa su yi layi?"

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya san yadda ƙofar gida take in an shimfiɗa tabarmi ba kowa a kai, kuma ba ya son ɗansa ya shigo duniya da wannan kunya.

Mutum ɗaya ce ba ta sauya masa fuska ba: Mama Ladi, dattijuwa 'yar Filato, tsohuwar malamar firamare, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasu. Da ta ga zaman banza na cin sa, sai ta miƙa wa Saudatu irin kokwamba a ƙulle cikin leda, ta ce, "Ba mijinki. Hannun da ya saba da bulala ya gwada fartanya."

Damina ta sauka. Saje ya gyara filin bayan ɗaki, ya zuba takin awaki, ya ja igiya ya yi kunyoyi a miƙe kamar fareti. Kowace shuka ya kafa mata sanda, ya haɗa rumfar kara don yaɗo ya hau. Ba a daɗe ba ganye ya rufe rumfar, fure ruwan ɗorawa ya buɗe, ƙananan 'ya'ya suka fara reto.

Saudatu, da kwaɗayin mai ciki, ta kai hannu. Saje ya ce, "Kul. Ba mai taɓa su sai sun kai kaurin damtsena. Sannan in jera su ƙofar gida, unguwa ta san Saje bai mutu ba."

Suka yi ta girma kuwa. Amma sai kore ya juye rawaya, bawo ya yi tauri. Da ya yanka guda, cikinta duk ƙwaya ne, ga ɗaci. Abin da ya fi tsorata shi, sabon fure ya ɗauke, ganye ya fara yaushi. Ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, a banza.

Saudatu ta kira Mama Ladi. Dattijuwar ta tsaya gaban rumfar ta riƙe haɓa.

"Saje, wa ya ce ka tsare su? Fursunoni ne?"

Ya ce, "Jira nike su cika, Mama."

Ta ce, "Ai sun cika, shi ya sa uwar ta ajiye aiki. Muddin ka bar ɗa ya ƙosa a jikinta, sai ta ɗauka ta gama abin da ya kawo ta, ta daina fure. Cire waɗannan duka. Daga yau kullum da safe ka tsinke su tun suna ɗanyu sharaf. Kana cira tana ƙara maka."

"To in yi yaya da su? Mu biyu ne a gidan."

Mama Ladi ta gyara ɗankwali ta ce, "Wannan kuma ba matsalar kokwamba ba ce."

In akwai abin da soja ya iya, bin umarni ne. Saje ya yanke tsofaffin ya zuba wa awaki. Cikin 'yan kwanaki fure ya dawo, ƙudan zuma suka dawo, kokwamba ta ɓarke da haihuwa. Yau kwano, gobe kwando. Su ci da safe, su ci da dare, ba su ci rabi ba. Ga ta ba ta ajiyuwa, kwana kaɗan ta yanƙwane. Kasuwa kuwa ba ya iya tunkara, don masu teburin da ya kora su ne a can. Saudatu ta yi nauyi, kuma ba ɗan aike a gidan.

Wata safiya ya daɗe tsaye da kwando a zaure. Sannan ya fita.

Ya fara da Iya Sabuwa mai ƙuli-ƙuli. Bayan doguwar gaisuwa ta dubi kwandon ta ce, "Nawa?"

Ya ce, "Kyauta ce, Iya."

Ta ƙura masa ido. "Kai, Yari? Lallai farar hula ta hau." Ta karɓa, ta cika masa aljihu da ƙuli.

Haka ya riƙa bi gida-gida. Wasu su karɓa da fara'a, wasu da ɗari-ɗari. Teburin Idi ne kawai yake kewayewa. Amma rumfa ba ta san kewaye ba, kullum sai ta cika kwando. Ranar da gidajen suka ƙare, ya tsaya gaban Idi ya yi sallama. Masu shan shayi suka juyo suna kallo.

Idi bai ɗago daga fifita wuta ba. Ya ce, "Saje, teburin ya shigo titi ne?"

"A'a. Kokwamba ce na kawo maka."

"Ba ni cin abin da bai ga wuta ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Da a da ne, da wurin ya hargitse. Saje ya ɗauki kwandonsa ya juya. A gida ya rantse ba zai koma ba. Gari na wayewa ya tarar da sababbi suna reto, kuma ya san in ya bar su, rumfar ce za ta mutu. Ya tsinke, ya koma.

Wannan karon ya ajiye kwandon a ƙasa, ya cire hula, ya ce, "Idi, na zalunce ka a gaban mutane. A gaban mutane nike roƙon ka yafe mani."

Idi ya ajiye maficinsa. Can ya jawo wuƙar yankan burodi, ya ɗauki guda ya yanka, ya barbaɗa garin ƙuli da yaji, ya kai baki. Kowa ya ji ƙarar garas ɗin.

Ya ce, "Ba ɗaci." Ya sake tauna. "Ku matsa mashi, ya zauna. Amma Saje, benci ne, kar ka kifar."

A ƙarshen damina, ranar wata Lahadi, Saudatu ta haifi 'ya mace. Da kwanan suna ya zagayo, Saje ya shimfiɗa tabarmi kaɗan, don bai yarda da zuciyarsa ta sa rai da yawa ba.

Ana idar da sallar asuba ya ji takun mutane. Liman ne a gaba, bayansa masallaci guda. Tabarmi suka kasa, aka shiga maƙwabta ana arowa, har layi ya toshe. Iya Sabuwa ta aiko da ƙwaryar ƙuli. Can sai ga Idi da teburinsa a ka, teburin nan dai da Saje ya kifar, ƙafarsa ɗaya ɗaure da waya. Ya dire shi a tsakiyar hanya, ya hura wuta, ya ce, "Yau kam a titi zan kafa shi. Mai kamawa ya zo ya kama."

Aka fashe da dariya, Saje ya fi kowa, yana share ido da bakin riga.

Aka raɗa wa yarinya suna Haulat. Amma tun da ranar Lahadi ta zo, mata suka ce Ladi ce. Mama Ladi ta shigo cikin kayan coci, ta karɓi takwararta ta rungume, sannan ta leƙa bayan ɗaki ta ce, "Saje, suna ko ba suna, ka tsinke na yau?"

Ya tsinke tun kafin a kira salla. Su ne aka yanka aka zagaya da su a faranti.

Darasi: Abin da ka riƙe don a gani a ji tsoronka, a hannunka zai yi ɗaci, ya kuma toshe na bayansa. Abin da ka miƙa tun yana da amfani, shi ke buɗe maka ƙofar mutane, har ƙofar wanda ka ɓata wa. Kada girman kai ya hana ka komawa karo na biyu neman gafara. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai tsaye a zaure da kwandonsa yana shakkar fita.