Ƙamus da Yaren Iya

Ƙawata, ajiye abin da kike yi ki ba ni aron hankalinki. Labarin nan ya daɗe a raina, yau dai sai na ba ki shi.

Akwai wata yarinya, 'yar wani kafinta, wadda kowa a gidansu ke kira Ƙamus. Yayyenta ne suka laƙaba mata sunan don tsokana, sai ya bi ta. Dalili kuwa, yarinyar nan ba ta ganin rubutu ta wuce. Takardar da aka naɗo sabulu, tsohuwar jaridar da babanta ke shimfiɗawa in zai yi fenti, bayan kwalin shayi, duk sai ta karance su kafin ta bari a zubar.

Abin da ya fi burge ta shi ne 'yar takardar nan da ake ninkewa a cikin kwalin magani. Kin san yadda ake rubuta bayani ɗaya da harsuna daban-daban. Sai ta baje ta a kan tabarma, ta ɗora yatsa ɗaya a kan Turancin, ɗaya a kan Faransancin, tana bi layi-layi har ta gano kalmar da ke nufin ciwon kai da wadda ke nufin bayan cin abinci. Ni da na koyi karatu da girmana a jikin irin waɗannan kwalaye, na san daɗin da take ji.

Mahaifiyarta takan leƙo daga kicin ta ce, "Ƙamus, shinkafa tana ƙonewa. Ko ita ma sai kin karanta ta?"

A lokacin ta gama sakandare tana jiran shiga jami'a. Babanta ya riga ya yanke cewa aikin jinya za ta karanta. Ya ce, "Tunda takardar magani kike so, gara ki je inda maganin yake."

A gidan akwai kakarta, mahaifiyar Kafinta, wadda suke kira Iya. An haife ta a wani ƙauye mai nisa, mutane ne masu nasu yaren. Bayan ta yi aure ta zo birni ta koyi Hausa har ta fi 'yan gari iya faɗa da ita. Iya tana da hali ɗaya da kowa ya sani: ba ta ganin kuskure ta yi shiru. In ka yi shara ka bar lungu, sai ta kira ka. In ka ninke mayafi a karkace, sai ta warware ta ce ka sake.

Amma babu wanda ya taɓa jin yarenta a gidan, kuma akwai dalili. Lokacin da Kafinta yake ƙaramin ɗan makaranta, wata rana ya manta abincinsa. Iya ta bi shi da shi har bakin ƙofar makaranta, ta ƙwala masa kira da yarenta. Yara suka fashe da dariya, suka yini suna kwaikwayonta. Da ya dawo gida ya jefar da jaka ya ce, "Kada ki ƙara yi mini wannan yaren. Kunya kike ba ni."

Iya ta dube shi ta ce, "To."

Daga ranar ba ta ƙara ba. Ƙanwarsa ta taso ba ta san ko kalma ɗaya ba, shi ma ɗan abin da ya sani ya gushe daga kansa.

Wata safiya, bayan shekaru sun ja, Iya ta idar da salla ta zo miƙewa sai ta faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti ta buɗe baki, sai 'ya'yanta suka tsaya suna kallon juna. Babu Hausa ko kaɗan a bakinta. Yaren ƙauyen nan ne yake fita, a hankali, da nauyin harshe.

Ƙanwar Kafinta, wadda yaran ke kira Goggo, ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, Yaya. Iska ce ta shige ta."

Likitar ta girgiza kai. Ta ce, "Hankalinta yana nan. Irin wannan ciwon yakan rufe harshen da mutum ya koya da girma, ya bar masa wanda ya sha a nono. Ku nemo mai jin yaren."

Aka nema, ba a samu ba. Tsofaffin da suka sani daga ƙauyen sun rasu, 'ya'yansu sun watse.

Aka dawo da Iya ɗakinta. Gado ne a jikin taga, da kujerar da Kafinta ya ƙera mata, da buta a ƙarƙashi. Kowa yakan cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga ya gaishe ta, ita kuma ta bi shi da ido kawai. Amma da zarar Kafinta ya shiga, sai ta ɗaure fuska, ta ɗaga hannunta mai lafiya tana nuna ƙasa, ta faɗi wata magana da ƙarfi. Ta sake faɗa. Ta sake, har numfashinta ya fara sama-sama. Ba ta yin shiru sai ya fita. Kullum magana ɗaya, kuma shi kaɗai take yi wa.

Goggo ta ja shi gefe ta ce, "Yaya, ban so in faɗa ba. Amma ni kamar korarka take yi. Ka tuna, ko akwai abin da ka taɓa yi mata?"

Ya tuna kuwa. Jakar nan da ya jefar, da "To" ɗin nan, suka dawo masa kamar jiya aka yi. Ya sa a ransa cewa Iya ta haɗiye abin ne duk shekarun nan, yanzu kuma tana amayar masa da shi da yaren da ya wulaƙanta.

Ya daina shiga. Sai ya tsaya ta taga ya yi gaisuwa ya wuce. A shago ya fara auna katako ba daidai ba, har ya yi wa wani ƙofa ta kasa rufe gurbinta. Abinci sai ya cakula ya ture. Iya ma ta rage ci, kullum idonta a bakin ƙofa. Da likitar ta sake duba ta, ta ce jikin yana ja da baya.

Ƙamus ta ji babanta yana ce wa mahaifiyarta, "Tsorona ɗaya, kada ta tafi tana fushi da ni."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta duba a waya, ta je ɗakin karatu na unguwa, ba ta samu littafi ko ɗaya na yaren ba. Sai ta ɗauki kofi ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado.

"Iya, yaya ake kiran wannan?"

Iya ta juya fuska bango. Ta gwada da cokali, ta gwada da mayafi. Shiru. Haka aka yi ta yi, har yayanta ya ce, "Ƙamus, wannan shafin dai ya ƙi buɗuwa."

Rannan tana gyara wa Iya kwanciya, sai ta tuna wata kalma da take yawan ji daga bakinta. Ta zaci matashin kai take nufi. Ta ɗaga matashin ta faɗi kalmar. Iya ta yi wani dogon tsaki. Ta bugi matashin da hannu ta faɗi wata kalma daban, sannan ta nuna kofin ruwa ta faɗi ta farkon, tana harararta.

Ƙamus ta tsaya cak. Sai dariya ta kama ta. Ashe ciwo ya ɗauke Hausar Iya, amma bai ɗauke halinta ba. Ba za ta amsa tambaya ba, amma ba za ta iya jin kuskure ta ƙyale ba.

Daga ranar ta sami hanya. Sai ta kunna ɗaukar murya a waya, ta ɗauki cokali ta kira shi ruwa, Iya ta yi tsaki ta gyara. Ta ɗauki silifas ta kira shi matashi, Iya ta gyara. Ta kawo shayi yana tururi ta faɗi kalmar da Iya ke faɗa in an taɓa ta da ruwan sanyi, Iya ta kai mata duka a cinya ta ba ta kalmar zafi.

Mahaifiyarta ta ce, "Tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin mai neman faɗan Iya da gangan ba sai ke."

Abin da ya fara don taimako sai ya kama zuciyarta. Ta lura kalma ɗaya takan sauya kama. Kofi in na Iya ne, ƙarshensa daban. In na Ƙamus ne, daban. Haka cokali, haka mayafi, duk hanya ɗaya suke bi, kamar 'ya'yan gida ɗaya masu hanci iri ɗaya. Ta zauna tana mamaki. Yaren da ba a taɓa rubutawa ba, wanda yara suka yi wa dariya, ashe yana da tsari kamar na cikin takardar magani. Ta ce a ranta, tsarki ya tabbata ga wanda Ya koya wa ɗan Adam magana.

Da ta ba ma'aikaciyar ɗakin karatu labari, matar ta miƙe ta ɗauko wani littafi ta ce, "Abin da kike yi ai fanni ne guda, har a jami'a ana karantawa. Ilimin harsuna ake ce masa." Ƙamus ta dawo gida da littafin a ƙirji, ranar kuwa shinkafa ta ƙone da gaske.

Da ta ga kalmomin sun taru, ta sami babanta a shago yana goge katako.

"Baba, ina so ka shiga wurin Iya."

"Ki bar ni, 'yar nan. In na shiga numfashinta tashi yake."

"Sau ɗaya, Baba. Ina so in ji maganar da kunnena na yanzu."

Ya ajiye katakon. Sannan ya karkaɗe rigarsa ya bi ta.

Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga. Nan take Iya ta ɗaure fuska, ta nuna ƙasa, ta faɗi maganar. Ƙamus ta rufe ido tana saurare. Ta ji kalmar ƙasa. Ta ji kalmar da ta samu a kofin shayi. Ta farkon ce ta tsaya mata, sai da Iya ta maimaita ta gane ta. Kalmar silifas ce, da ƙarshen nan da ke nufin naka.

Ta buɗe ido. Ta fita ta ɗauko takalman babanta ta ajiye a gabansa.

"Baba, sa."

"A ɗakin Iya?"

"Sa dai."

Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Iya ta leƙa ta gani. Ta sauke hannunta, ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Sannan ta bubbuga gefen gado, alamar ya zauna.

Ƙamus ta ce, "Cewa take, sa takalminka, ƙasa da zafi."

Goggo, wadda ke tsaye a ƙofa, ta ce, "To mu ma ai ba takalmi muke shiga, ba ta taɓa ce mana komai ba."

Kafinta bai ɗago ba. Ya ce, "Ke ba ki taka garwashi ba."

Ya cire takalmin hagu ya nuna musu tafin ƙafarsa. Akwai wani tsohon tabo mai faɗi. Yana ɗan ƙarami ya shiga kicin a guje ya taka wuta, Iya ta yi ta goyonsa har ya warke. Tun daga nan har ya girma ba ta ganinsa ba takalmi ta yi shiru. Yana cikin nuna tabon Iya ta sake ɗaga hannu, ya yi sauri ya mayar.

Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Ƙamus, yaya ake cewa ki yafe mini?"

"Ban kai nan ba tukuna, Baba. Amma na san yadda ake cewa na ji."

Ta faɗa masa. Ya juya wurin mahaifiyarsa ya faɗa, ya kuwa karya kalmar gida biyu. Iya ta kama kunnensa ta murɗe, ta faɗa masa daidai. Ya sake, ta sake gyarawa. Da ya samu daidai, ta yi dariya da rabin bakinta. Ranar a hannunsa ta ci abinci, ta cinye tas.

Bayan wani lokaci Ƙamus ta samo masa kalmar yafiya. Da ya faɗa, Iya ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ta leƙa ƙafarsa ta ga da takalmi, ta gyara kwanciya.

Ba a jima ba Ƙamus ta dawo daga aike ta tarar da sabuwar kanta ta littattafai a ɗakinta, tana ƙamshin fenti. Babanta yana tsaye yana goge hannu. Ya ce, "Wannan karatun naki na yare, me kika ce sunansa?"

"Ilimin harsuna."

"Shi za ki karanta. Jinya kuwa kin riga kin yi wadda ta fi ƙarfin allura."

Yanzu tana jami'a, kuma muryar Iya da ta ɗauka a waya ita ce aikinta na bincike. Iya ta ƙara shekaru kafin Allah Ya karɓi abinSa, Allah Ya jiƙanta. Har ranar ƙarshe mutum ɗaya ne yake shiga ɗakin nan da takalmi.

Darasi: Kada ki raina yaron da ke son karatu, ko da bayan kwali yake karantawa, ba ki san ranar da Allah zai buɗe ƙofa ta hannunsa ba. Kada ki ji kunyar harshen iyayenki, babu yaren da Allah Ya yi a banza. In kuma wani naki ya faɗi abin da ba ki gane ba, ki yi haƙuri ki koyi sauraro kafin ki yanke cewa fushi ne. Ki tura wa 'yan uwa su ma su amfana. Amma ƙawata, in kin gane gidan, ki rufa wa Kafinta asiri, kada ki gaya wa kowa. Har yau in an taɓo zancen takalmin nan, idonsa cikowa yake.