Telan da Ya Ɗinke Kansa Cikin Riga

Jikata mai aikin jinya ce ta fara ba ni wannan labari, tana shafa min man zafi a gwiwa. Ta ce kada in kama suna. Na ce dama ban tambaya ba.

Akwai wani tela da ake kira Gwani. Shagonsa ɗan ƙarami ne: keke ɗaya, madubi, da fanka mai ƙara. Wata rana jan tabo ya fito masa a dantse, yana ƙaiƙayi, yana ɓarɓashi. Ya ce ƙyasbi ne, ya sayo man shafawa. Tabon ya lafa, sannan ya dawo da ƙannensa.

Da wani ne, asibiti zai nufa. Shi da yake tela ne, sai ya ɗauki awo. Ciwo ya sauko gwiwar hannu, ya ƙara wa hannun rigarsa tsawo. Ya hau wuya, ya ɗaga kwala, ya sa maɓalli har maƙogwaro. Duk inda tabo zai leƙo, allura ta riga shi zuwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, bari in gaya wa yara mana."

Ya ce, "Ki gaya wa yara, gari ya ji? Wa zai tsaya tela mai ciwon fata ya auna masa ƙugu? Kada in ji, kada in gani."

Babban ɗansu, direba ne, in ya zo gaisuwa sai ya yi dariya. "Baba, sabon yayi ne wannan? Ka toshe wuya kamar kwalba."

Uban ya yi yaƙe. Uwar ta shige ɗaki.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ciwon ya kai bayan hannu. To, ba a ɗinki da safar hannu. Gwani ya daina karɓar sabon awo. Ya tura ƙofar shago saura kaɗan, ya zauna cikin zafi, riga ta jiƙe, yana goga baya da bango kamar akuya. Fita ba dama, cire riga ba dama.

Rannan matar ta kawo masa abinci, ta tarar da shi riƙe da farin yadin mutane. Fatar yatsansa ta tsage, jini ya ɗiga a kai. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a hankali, "Ɗauko mayafinki."

A asibiti aka yanki ɗan fatar aka gwada. Likitar ta ce wani nau'in sankara ne na fararen ƙwayoyin jini, wanda ke zama a fata, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Gwani ya ce, "To jikin nawa barci yake yi?"

Ta ce, "Baba, akwai masu gadi a jininka, aikinsu kashe duk ƙwayar da ta lalace. Suna nan. Amma suna buƙatar saƙo daga 'yan'uwansu kafin su yi ƙarfi, ita kuma cutar nan ta iya danne saƙon. Sai ka ga mai gadi a ƙofa, ɓarawo a ɗaki."

Matar ta kalle shi ta ce, "Ashe cutar halinka ta gada. Yaranka ma suna nan, kai ka hana saƙo ya kai musu."

Ya zaro wayarsa ya miƙa mata.

Kafin su bar layin magani direban ya iso, idonsa jajur. "Baba, ina ta tsokanar kwalarka, ashe wuta ce a ciki?"

Kun san maganin da aka fara yi masa? Haske. Ɗaki ne mai fitilu, sai ya tuɓe duk abin da ya ɗinka ya tsaya a ciki. Likitar ba ta ɓoye masa ba: ciwon ba mai tafiya gaba ɗaya ba ne, lallaɓa shi za a yi, kuma da ya zo tun yana dantse, da wahalar ba ta kai haka ba. Amma ƙaiƙayin ya ragu, yatsun suka warke. Ranar da ya koma shago, aikinsa na farko shi ne datse hannun rigarsa. Ya buɗe ƙofa har bango.

Ni dai washegari da safe na tare maigidana, na ce ya cire riga in ga bayan nan da yake yawan sosawa. Ya ce, "Sai da muka tsufa kike son kallona?" Na ce, "Juya, malam." Ya juya.

Darasi: Ciwon da aka rufe ba ya warkewa, girma yake yi a ɓoye. Tabon da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti, kuma kada ka hana naka jin kukanka. Ku tura wa wanda kuka san yana fama shi kaɗai.