Wanda Ya Ɗaye Ɓawon Bishiyar Hakimi

Wani Hakimi yana da bishiyar ado da aka kawo masa daga ƙasar waje. Ran nan ya tarar ɓawonta ya ɗaye, gansakuka ta lulluɓe rassanta. Ya kira Nomau mai ba ta ruwa a gaban fadawa.

Ya ce, "Faɗa mini mai laifin. In ka ce ba kowa, kai ne. In ka ambaci ɗan gidana, ka ci mutuncina."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gansakuka dai ba ta kashe itace. Wurin maƙalewa kawai ta samu, kamar fadawa."

Fadawa suka murtuke fuska.

Hakimi ya ce, "To, ɓawon fa?"

"Wani baƙo ne daga kasuwa. In na nuna shi, wa zai hukunta shi?"

"Na bar maka shi, wallahi! Ka yi yadda ka ga dama da shi."

Nomau ya je gindin bishiyar, ya kwance ƙaton ragon da Hakimi ya sayo daga kasuwa yake ɗaurewa a can, yana goga ƙaho a jikinta. Ya ja shi gida, yana cewa a sa tukunya a wuta.