Kurege da Sunan Ɗan Sarki Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

To ku matso, ku ajiye dariyarku tukuna, don farkon wannan ba na dariya ba ne.

A wani gari an yi wani sarki, Jatau, da matarsa Gimbiya Lantana. Allah ya ba su dawaki, ya ba su rumbuna, amma ɗa ya ƙi zama a hannunsu. Sau huɗu tana haihuwa, sau huɗu ana yanka rago a raɗa suna mai nauyi, sau huɗu ana fita da yaron a naɗe cikin tabarma tun bai kai yaye ba. Wannan shi ake ce wa wabi, Allah ya raba mu da shi.

Ana nan, ana nan, sai ta haifi na biyar, namiji. Ba a yi guɗa ba, ba a yi kiɗa ba, sarki kuma ya ƙi gaya wa kowa sunan da zai sa. To kun san halin mutane, tukunyar da aka rufe ita suke son leƙawa. A bakin rijiya ana canka, a mahauta ana canka. Wasu su ce sunan kakansa za a mayar, wasu su ce na wani jarumi, har dabbobin bayan gari suka ɗauka.

A gindin tsamiya Kurege ya tarar da Kura. Kurege kuwa ga wayo, ga kwaɗayi, ga baki ba linzami.

Ya ce, "Ni fa na san sunan."

Kura ta ce, "Ka sani?"

"Kamar yunwar cikina."

Alhali bai san komai ba.

Kura ta ce, "To mu ƙulla. In ka canka daidai, rumbun gyaɗar manomin nan da na kora daga gonarsa ya zama naka. In ka kuskure, kai ne kalacina ranar suna."

Kurege ya ji gyaɗa, sai ya ce, "Na yarda." Sai da ya koma raminsa sannan ya tuna da ɗaya rabin maganar.

Da hantsi ya lallaɓa ya hau jinkar ɗakin mai jego, ya ɓula ciyawa, ya kasa kunne. A zamanin nan kunnuwan Kurege dogaye ne, har Zomo na yi masa hassada. Ranar farko bai ji komai ba sai ƙarar ruwan wanka. Rana ta biyu bai samu komai ba sai ƙanshin kunun kanwa. Ana gobe suna sai ga sarki ya zo shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Gimbiya, gobe ne fa. Na so in mayar da sunan mahaifina."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, huɗu muka yi wa ado da suna, huɗun aka zo aka ɗauke. Wannan kada mu nuna muna so."

Sarki ya ce, "To me za a ce masa?"

"Ajuji. A kai shi juji a ajiye, kowa ya gani. Wataƙila Mutuwa ta zo wucewa ta ce abin da masu shi suka yar ba ya da amfani."

Sarki ya goge ido da bakin rawani, ya ce, "Ajuji. Allah ya sa ta raina shi."

Jama'a, an sa wa Kurege gaskiya a kunne, a kyauta. Amma wanda ya saba haƙa wa mutane rami, ko tsakar gida ya gani a share sai ya ce rufi aka yi. Ya sauko yana dariya, yana cewa, "Ɗan sarki guda, Ajuji? Jelata suka hango. So suke in faɗi wannan a bainar jama'a dogarai su yi mini lilis. Har da hawaye! Kai, sun iya, amma ba su kai ni ba."

Gari ya waye, ƙofar fada ta cika. Kura ta zo ta ɗora ƙafa a kan jelar Kurege, ta ce, "Faɗi, kafin a faɗa."

Ya buɗe murya ya ce, "Cigari! Ɗan sarki sai Cigari."

Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka yanka rago. Sai maroƙi ya miƙe, ba kirari, ba zuga, ya ce a hankali, "Sunan yaro Ajuji. Allah ya raya."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai, don su sun gane. Yawun Kura kuwa ya ɗiga a tsakar kan Kurege.

Aka fito da jariri a tsumma, aka kai shi jujin bayan fada, aka kwantar a kan toka. Gimbiya Lantana ta juya masa baya ta ce, "Ba na so. Mai so ya ɗauka." Ta faɗa har sau uku. An shirya tsohuwar ungozoma, Iya Tabawa, ita za ta zo kamar mai wucewa ta tsince shi.

Kura ta ce, "To, bisimilla."

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, da gashi za ki ci ni? Ai sai ya maƙale miki a wuya. Bari in yi birgima a tokar can, yanzu zai zube."

Kura ta ɗaga ƙafa. Kurege ya ruga, ya ratsa tsakanin ƙafafun dogarai, ya kwanta a jikin jariri, ya rufe ido. Kura ta yunƙura, ta ga sanduna, ta tsaya.

Yana kwance yana jin numfashin yaron, ɗan siriri, kamar a hure ya mutu. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga bayan uwar yana rawa, ta kasa waiwayowa. A nan ya gane hawayen jiya ba na wasa ba ne, kunya ta kama shi, ta farko a rayuwarsa. Ya sa jela yana kore wa yaron ƙudaje.

Iya Tabawa ta iso da sandarta, ta duƙa, ta ce, "Af! Na yi tsintuwa. Har biyu ma, ɗaya da jela."

Gimbiya ba ta waiwaya ba, ta ce, "Duk abin da kika tsinta naki ne, Iya."

Kura ta yi kururuwa, "Ranka ya daɗe, mai jelar kalacina ne! Mun ƙulla!"

Sarki Jatau ya dube ta da jajayen idanu ya ce, "Abin da ke kan jujin nan yau, Mutuwa ma roƙonta muke ta bari. Ke ce za ki fara ɗauka?"

Kura ta ja da baya, ta ja da baya, ta shige daji da yunwarta.

Kurege ya miƙe zai sulale, Iya Tabawa ta damƙe shi ta ce, "Ina za ka, ɗana? Da saura." Ashe ɗan wabi sai an yanke masa gefen kunne, don Mutuwa ta ga yana da aibi ta bar shi. Wanzami ya ɗan taɓa na Ajuji, kaɗan, yana addu'a. Da ya zo kan Kurege, Kurege ya yi ta zillo, aska ta yi ta kuskure, wanzami ya yi ta daidaitawa, ya rage na hagu ya rage na dama, har kunnuwan suka koma kamar ƙwayar gyaɗa. Iyakar gyaɗar da ya samu ke nan.

Ajuji kuwa ya yi yaye, ya yi tafiya, ya yi gemu. Shi ya binne iyayensa, ba su suka binne shi ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege mai guntun kunne. In za ku yi laɓe, yara, to ku yarda da abin da kuka ji, kada ku wahalar da kunne a banza.