Kantun Gishirin da Yalwa Ta Fasa

Dalilin da ya sa in kun yi guje-guje a rana kuka lashi hannunku kuke jin gishiri, kuma mai gudawa ko da randa guda ya shanye ba ya jin ƙarfi sai an jefa masa ɗan gishiri a ruwan, wata mata ce mai suna Yalwa. Ina kallonku, na san akwai mai shirin lasar hannunsa yanzu. A bari tukuna in gama.

A da can ba haka abin yake ba. Gumi lami ne, hawaye ma lami, kamar ruwan sama. Mutum ya sha ƙoƙo ɗaya da safe, ruwan ya zauna masa a jiki har la'asar. Lokacin nan ruwa da gishiri zamansu ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Kowace rijiya da ɗan gishirinta, kaɗan dai, wanda harshe ma ba ya ganewa.

Sai mutanen wani ƙauye a bakin fadama, Tungar Kantu, suka gano dabara. Su kankaro ƙasar fadama su zuba a kwando, su kwarara mata ruwa, su tara abin da ya tsiyaye a tukunya, su yi ta hura wuta har ruwan ya tashi ya bar gishiri a gindin tukunya. Sai su dunƙule shi kantu-kantu, fatake su zo da jakuna su kwashe. Shekara da shekaru suna haka, har suka tatse ƙasar, rijiyoyin garin suka koma salam.

Daga nan ruwa ya daina zama a cikin mutanen garin. Su sha ya wuce, su ƙara ya wuce. To, su masu dafa gishiri ne, sun san yana sa ƙishirwa, saboda haka da zarar mutum ya kwanta sai su hana shi gishiri kwata-kwata, ko na miya. Da hannunsu suka riƙa ƙarasa marasa lafiyarsu, suna ganin gata suke yi musu. Wasu suka mutu, sauran suka ɗaure kaya suka watse.

Cikin waɗanda suka tafi har da Jatau, ɗan Yalwa, shi kaɗai Allah ya ba ta. Ya bi ayarin fatake ya ce zai dawo lokacin kaka. A garin akwai al'ada: ranar da ɗa ya bar gida, uwa takan ware kantu ɗaya daga dahuwar ranar ta rataye a ragaya, ba mai taɓawa sai ya dawo ya fasa da hannunsa. Uwar da ta fasa da kanta kuwa ta fid da rai ke nan, kamar ta yi masa zaman makoki. Kantun Jatau ya shekara tara a rataye. Kullum Yalwa sai ta kaɗe masa ƙura, ba ta kiran sunan mai shi, sai dai ta ce “yaron nan”.

Gari ya rage daga ita sai mijinta Cindo, tsoho mai ƙarancin magana. Kewa ta yi mata yawa. Takan share ƙofar gidan maƙwabta da ba kowa, ta yi sallama a zaure, ta ɗan tsaya kamar za a amsa. In ta je ɗiban ruwa sai ta yi ta ba rijiya labari, don dai ta ji muryar mutum, ko da tata ce.

Wata damina fadama ta cika, babu ƙasar da za a kankara, gishirin miya ya ƙare. A nan ne gudawa ta kama Cindo. Yalwa ta yi abin da ta gada: ta wanke ƙoƙo sau uku kada a ce akwai ɓurɓushin gishiri, ta yi ta ɗura masa ruwa. Idanunsa suka faɗa, ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa, in ta tsunkuli fatar hannunsa sai ta tsaya a tattare. Ran kwana na uku ta yi masa sannu bai amsa ba. Tsoro ya kama ta, don in ya tafi babu sauran mai amsa mata a duniya.

Da hantsi ta ɗauki guga ta je rijiya. Ta leƙa ta fara faɗa, tana tambayar ruwa me suka yi masa da yake wucewa ta cikin mijinta kamar baƙon da aka ɓata wa rai. Ba ta zaci amsa ba, don shekara nawa tana magana ba a tanka mata. Ran nan aka tanka.

Ruwa ya ce, “Ke mai sallama a gidajen da ba kowa, ke ce za ki tambaye ni? Kun raba ni da abokin zamana da wuta. In na shiga cikin mutum na tarar ba kowa, zaman me zan yi?”

Yalwa ta gane nufinsa. Wannan magana ba ta bukatar a fassara mata. Ta roƙe shi ya zauna a jikin Cindo, ya ce zai zauna in an aiko shi tare da gishiri, ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka, ba mai yawa ba, da ɗan zuma da zai yi musu jagora. Amma ya kafa sharaɗi: duk ranar da zai fita daga jikin mutum, da abokinsa zai fita, ba zai sake barinsa a baya ba. Ta ce ta yarda.

Sai da ta kama hanyar gida ta tuna cewa gishiri ɗaya ya rage a garin duka.

Ta daɗe a tsaye a ƙarƙashin ragaya. Cindo ya buɗe ido ya ga inda take kallo, ya tattaro ɗan ƙarfinsa ya ce, “Bar masa, Yalwa.”

Ta ce, “Maigida, shi ban san inda yake ba. Kai kuwa ga ka nan.”

Ta sauko da kantun ta buga masa taɓarya. Ta ɗebi yatsu uku ta jefa a ƙoƙo, ta ɗiga zuma, ta ɗanɗana, sannan ta riƙa ba Cindo da ludayi kaɗan-kaɗan. Ruwa ya cika alkawari. Washegari Cindo ya tashi zaune ya ce ko akwai kunu.

Ta dama masa, ta zaga bayan ɗaki ta zauna ta yi kukan da ta shekara tara tana dannewa. Hawayen suka gangaro bakinta, ta ji abin da ba wanda ya taɓa ji a hawaye: gishiri. Ta gane na kantun yaron nan ne yake fita. Na ga bakinku yana motsi, kuna so ku tambaya. Jatau bai dawo ba.

Shi ya sa har yau ruwa ba ya son zaman kaɗaici a jikin mutum, ya shiga da gishiri ya fita da shi, sai an mayar wa wanda ya yi gumi ko gudawa abin da ya rasa. Kuma shi ya sa duk wanda ya yi kukan kewar wani, gishiri yake ji a bakinsa.